Shagon tabar wiwi da ke maƙwabtaka da ni a Toronto

Ba na shan tabar wiwi, addinina ya hana ni, kuma ban rubuta wannan sharhi don in kwaɗaita wa kowa ita ba. Maƙwabtaka ce ta kai ni wannan shago, domin ɗan ofishin da nake aikin lissafin haraji a cikinsa yana titin Queen ta Yamma a birnin Toronto, ƙofa uku ce tsakaninmu, kuma shekara biyu ke nan muna gaisawa da matar da take da shi. Na shiga sau da dama da izininta, na zauna na ga yadda ake ciniki, saboda ina son in fahimci yadda sana'ar da ake ɗaure mutum a kanta a Najeriya ta zama abin da hukuma take ba wa lasisi a Kanada tun ranar 17 ga Oktoba, 2018.

Duk wanda fuskarsa ta nuna ƙuruciya sai an nemi katin shaidarsa tun daga ƙofa, domin a lardin Ontario ba a sayar wa wanda bai cika shekara 19 ba. Na ga an mayar da wani saurayi da ya manta katinsa a gida, cikin ladabi amma babu sassauci, kuma wannan ya ƙara mini ganin mutuncin wurin. Cikin shagon ya fi kama da kantin magani: tsaf yake, babu hayaƙi, babu wari mai tashi, kaya duk suna rufe a cikin gwangwanaye da ledoji marasa ado, kowanne da jan tambarin gargaɗi da rubutun kashedi a kan rawaya da hatimin haraji. Ba a sayar wa mutum abin da ya wuce giram 30 a ciniki ɗaya, kuma irin wadda ake sarrafawa ta zama alewa ko cakulan an taƙaita sinadarin THC mai sa maye da ke cikinta zuwa miligiram 10 a kowane ƙunshi.

Ma'aikatan su ne abin da na fi yabawa. Doka ta tilasta wa kowannensu yin horon da ake kira CannSell kafin ya tsaya a bayan kanta, kuma a nan horon bai tafi a banza ba. Wata rana wata dattijuwa ta tambaya ko wani mai zai yi mata maganin ciwon gwiwa, sai yarinyar da ke sayarwa ta gaya mata cewa ba ta da hurumin ba da shawarar magani, ta je ta ga likitanta tukuna. Ciniki ne ta bari ya wuce a ranar da na san shagon yana buƙatarsa.

Aibin da ido yake fara gani shi ne tagogin da aka rufe da takarda mai duhu, saboda ƙa'idar da ta hana yara ganin kayan daga waje. Manufar tana da kyau, amma sakamakonta shi ne ma'aikaciya tana tsaye ita kaɗai da dare a ɗakin da babu mai wucewa da zai hango abin da yake faruwa da ita. Lardin Alberta ya janye irin wannan sharaɗi a 2022 bayan fashin da aka riƙa yi wa shaguna, kuma a ganina sun yi daidai.

Inda lamarin ya fi damuna shi ne lissafin kuɗi, wanda shi ne aikina. Kafin mai shago ya sayar da ko giram ɗaya, sai ya biya hukumar AGCO, mai ba da lasisin shagunan wiwi a lardin Ontario, dalar Kanada 6,000 na lasisin gudanarwa da dala 4,000 na izinin shagon kansa, sannan ga haya da kyamarori da ma'ajiya mai tsaro, waɗanda yawanci ake fara biya tun ana jiran amincewa. Bayan haka ba shi da zaɓin inda zai yi sari, domin kamfanin gwamnatin lardi, wato Ontario Cannabis Store, shi kaɗai ne yake sayar wa shaguna. Ma'anar wannan ita ce duk shagunan titin nan daga rumbu ɗaya suke ɗauko kaya, don haka abin da ya rage su yi gasa a kansa shi ne karya farashi, kuma a wannan fage babban kamfani mai rassa da yawa ne yake iya jure asara har ƙaramin ya gaji. A watan Agusta na 2022, da aka yi wa cibiyar rarraba kayan kutse ta intanet, an yi kwanaki ba a kai wa shaguna kaya ba, kuma babu wani dillali na halal da za su koma wajensa.

Yawan shagunan ma doka ce ta haife shi. A farkon 2019 ƙuri'a aka jefa aka zaɓi shaguna 25 kacal a duk lardin, daga baya aka soke ƙuri'ar aka buɗe ƙofa ga kowa, har adadin ya haura 1,000 a 2021. An ba wa kowace ƙaramar hukuma zuwa ranar 22 ga Janairu, 2019 ta ce ta yarda ko ba ta yarda ba. Markham da Vaughan da Mississauga suka ƙi, sai dai ita Mississauga ta sauya ra'ayi a 2023. Amma birnin da ya ce ya yarda ba shi da ikon ƙayyade yawan shaguna ko tazarar da za ta kasance tsakaninsu. Abin da lardi ya gindaya shi ne nisan mita 150 daga makaranta da kwana 15 na jin ƙorafin jama'a. Shi ya sa mutum zai tsaya a wannan titi ya hango shago fiye da ɗaya ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Iyayen unguwa ba su ji daɗin hakan ba, ni ma ban ji ba, kuma masu shagunan da suka zuba jarinsu su ne suka fi kowa shan wahalarsa. Ko Fire & Flower, kamfanin shagunan wiwi mai rassa da dama, sai da ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2023.

Hukuncina a kan shagon shi ne ana tafiyar da shi da gaskiya da kiyaye doka, kuma a matsayinsa na maƙwabci bai taɓa jawo mana hayaniya ko taron 'yan zaman banza ba. Sai dai ban ga yadda zai daɗe ba idan majalisar birni ba ta samu ikon taƙaita yawan lasisi a unguwa ɗaya ba. Ga 'yan'uwa masu zuwa Kanada karatu ko ziyara kuma, su sani cewa halascin nan ya tsaya a bakin iyaka: fita da ita daga ƙasar laifi ne a dokar Kanada kanta, kuma hukumar NDLEA tana kama wadda ake shigo da ita Legas.