Gyaran ƙafar tsohuwar katafilarmu a Bukuru: abin da na gani bayan awa 600

Sau uku cikin mako guda sarƙar hagu ta sauka daga kan katafilarmu. Na ukun a bakin wani tsohon ramin kuza ne a bayan Bukuru, inda muke baje wa wasu manoman rani tudun yashi. Duk wanda ya taɓa mayar da sarƙar katafila a cikin taɓo, da jak da sandunan ƙarfe da ƙarti shida, cikin sanyin Jos na watan Disamba, ba sai na yi masa dogon bayani ba. Da hantsi muka fara, ba mu gama ba sai da aka kira magariba. A daren na ce faci ya isa haka, ƙafar nan sai an yi mata aiki na gaskiya. Yanzu ta yi awa 600 da 'yan kai tun bayan gyaran, shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda muka kwashe da garejin da ya yi aikin.

Katafilar D6C ce, samfurin da kamfanin Caterpillar ya fara fitarwa a 1963, kafin D6D ta gaje ta a 1977. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a hannu bayan farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, lokacin da masu haƙar ma'adinai a Filato suka shiga karyar da kayan aikinsu. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Injinta bai taɓa ba mu ciwon kai ba, babu kwamfuta a jikinta, babu wata waya da za ta ce ta yi fushi. Ka ba ta gas mai kyau, ka canza baƙin mai a kan lokaci, shi ke nan. Ƙafa ce matsalarta, wato duk abin da take takawa a kai: sarƙa da farantanta, rololin ƙasa guda shida a kowane gefe, rololin sama bibbiyu, aidila a gaba, wato ƙatuwar tayar ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kanta, da sifiroket mai haƙora a baya wanda shi ke jan sarƙar. Masu wannan sana'a sukan ce kusan rabin abin da za ka kashe wa katafila a rayuwarta a ƙafa yake tafiya. A ƙasar Jos kuwa sai in ce har ya fi haka, domin yashin da aka wanke kuza aka bari tsakuwar ƙanƙara ce zalla, tana cin ƙarfe kamar dutsen niƙa, ga kuma duwatsun da ke kwance ƙarƙashin jar ƙasa.

Kafin in ɗora wa kowa laifi bari in fara da nawa. Shekara biyu da suka wuce sarƙar hagun ta saki har girisin da ake ɗame ta da shi ya daina aiki, aidila ta je ƙarshen tafiyarta. Wani makanike na bakin hanya ya ce abu mai sauƙi ne, a cire gaɓa ɗaya a sake haɗawa. Na ji araha, na yarda. Ta ɗame kuwa, muka ci gaba da aiki ina ganin na yi wayo. Ashe garin neman gira ne nake shirin rasa ido.

Garejin da na kai ta yana gefen titin Bukuru, ba zan kama sunansa ba. Fili ne mai shingen kwano, cike da gawarwakin gireda da rola da katafiloli. Mai wurin dattijo ne, ya haura saba'in, kowa Baba yake ce masa, kuma ya san mahaifina tun zamanin da yana yaron makanike a wajen masu kuza. Da lobed, wato tirelar ɗaukar manyan injuna, ta sauke katafilar bai yi maganar kuɗi ba, bai ma dubi injin ba. Cewa ya yi a wanke ƙafar tas, a kankare busasshiyar laka, in dawo washegari.

Abin da ya yi washegarin shi ne dalilin wannan rubutu. Ya sa aka cusa wani guntun ƙarfe tsakanin haƙorin sifiroket da sarƙa, direba ya ɗan ja baya har saman sarƙar ya miƙe tsam. Sai ya zaro tif daga aljihun tsohuwar kwat ɗinsa, ya auna daga fin ɗaya, wato sandar ƙarfen da ke haɗa gaɓa da gaɓa, ya tsallake gaɓa huɗu zuwa fin na biyar. Ya yi haka a wuri uku, yana kauce wa fin ɗin da ake haɗa sarƙar da shi, yana rubutawa da alli a jikin faranti.

"Ɗana, zo ka gani da idonka," in ji shi. "Kowace gaɓa tana sabuwa inci 8 ce, huɗu 32 ke nan. Ta dama ba ta kai 32 da rabi ba, tana da sauran rai. Ta hagu fa?"

Na duba tif, 33 cif.

"Wa ya cire maka gaɓa?"

Na ce, "Baba, yaya aka yi ka sani?"

"Na ƙirga mana. Ta dama 36, ta hagu 35. Ai sarƙa ba roba ba ce da za ta miƙe. Cikinta ne ya cinye."

Nan ya yi mini bayanin da babu wanda ya taɓa yi mini. Kowace gaɓa tana juyawa ne a kan fin da ke cikin wani bututun ƙarfe da ake kira bushin. Irin tamu tsohuwar sarƙa busasshiya ce, babu mai a cikinta kamar na zamani, don haka fin da bushin suna goga juna suna cinyewa ta gefe ɗaya. Kwatan inci a gaɓa guda ba ya kama ido, amma a gaɓa 36 ya zama inci 9, ya fi tsawon gaɓa ɗaya. Tazarar haƙoran sifiroket kuwa ba ta canzawa. Da sarƙa ta fi su tazara sai bushin ya daina zama a gindin haƙori, ya riƙa hawa kansa yana fiƙe shi. Ya kama hannuna ya ɗora a kan haƙoran hagu. Wallahi kamar bakin lauje, har sun lanƙwashe gefe guda. Cire gaɓar da aka yi ya ɗame sarƙar a ido, amma tazarar tana nan yadda take, sai ma ya ba ni damar ci gaba da aiki har bushin bakwai suka huje.

Da wani ne, da cewa zai yi in zubar da komai in sayo sabo. Na riga na tambayi kuɗin sabuwar ƙafa gaba ɗaya, ko ta Berco ta Italiya ko ta asali, kuma da yadda dala take a lokacin kuɗin ya fi abin da za a taya katafilar kanta. Baba ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana raba mai rai da matacce. Sarƙar hagu ya ce ta 'yan gwangwan ce, kada in ɓata ko sisi a kanta. Ta dama ya ce za a juya mata fin da bushin. Don samun abokiyar tafiyarta ya aika yaronsa har Ƙofar Ruwa a Kano, aka rasa, daga baya aka samo ta a jikin wata D6 da injinta ya mutu, a nan cikin Jos. Ita ma sai da ya auna ta kafin ya bar ni in biya, kuma ita ma aka juya mata fin da bushin.

Juya fin da bushin aiki ne da ya cancanci a tsaya a kalla. Ana kwance farantai duka, a shimfiɗa sarƙar a kan wani dogon benci, injin matsi ya riƙa tura fin da bushin waje gaɓa bayan gaɓa, da ƙara kamar harbin bindigar toka. Sai a juya kowanne rabin zagaye, gefen da bai ci ba ya koma inda aiki yake, a sake matse su. Injin nasa tsoho ne, yana ɗigar mai, amma bai fasa gaɓa ko ɗaya ba. Da aka gama na karɓi tif ɗin na auna da kaina, duka biyun sun dawo daf da 32. A nan dai ba ni da ta cewa, aiki ya yi kyau.

Sifiroket ɗinmu irin na da ne, ba mai haƙoran da ake ɗaurewa da noti ba, don haka yanke bakin aka yi da wuta aka yi waldar sabon zobe. Na so a bar na dama tunda bai lalace sosai ba. Baba ya ƙi. Ya ce tsohon haƙori a kan gyararren bushin, wata uku ya yi yawa. Aidila biyun an cike su da walda aka kai wajen mai injin gyaran ƙarfe ya daidaita. Farantai an yi musu waldar sabbin sanduna a kan haƙoransu da suka shafe, aka ɗaure da sabbin kusoshi.

To, yanzu ga inda raina ya ɓaci.

Mako uku aka ce mini, sai da aka yi bakwai. Wani ɓangaren ba laifinsu ba ne, neman sarƙa ya ci kwanaki, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. Amma ba a gaya mini tun farko cewa man janaretan walda a wuyana yake ba, sai da aka yi nisa yaro ya zo mini da lissafi a bayan kwalin sigari. Kuma akwai mako guda cur da aka ajiye aikina aka koma kan giredar wani ɗan kwangila da ya fi ni baki. Ina zuwa ina ganin sarƙata a shimfiɗe, raɓa tana sauka a kanta. A wannan tsakanin aikin share gona guda biyu ya wuce ni, kuma duk mai katafila ya san rani shi ne kakarmu.

Na biyu, rololi. A cikin sha biyun ƙasa an sayi biyar sababbi, bakwai aka cike da walda. Ba a yi awa 80 ba direbana ya kira ni, ya ce biyu suna zubar da mai, ɗaya har ta yi zafin da ba a iya taɓawa. Da aka buɗe sai ga robobin sil ɗin da ke hana mai tsiyayewa sun ƙone sun yi tauri kamar busasshen ganda. Yaran ne suka yi ƙyuya, suka yi waldar ba tare da sun kwance cikin rolar ba, zafi ya dafa robar. Rola kuwa da zarar manta ya tsiyaye sai ta daskare, sarƙa ta riƙa gurzar ta har ta yi mata fuska. Gaskiyar magana, Baba da kansa ya hau babur ya same mu a daji, ya duba, ya yi wa yaron da ya yi aikin faɗa a gabana har na ji kunya, kuma bai karɓi kuɗin hannu ba. Amma sabon sil ni na saya, kwana huɗu kuma katafila tana tsaye.

Akwai kuma tsohuwar sarƙar hagu da zoben sifiroket da aka yanke. Ƙarfe ne mai nauyin gaske, a kilo ake sayar da shi. Da na tambaya sai aka hau kallon juna. Yara sun riga sun kai wa 'yan gwangwan. Ban ja maganar ba saboda girman Baba, amma ba daidai ba ne, kuma duk wanda zai kai aiki can ya faɗa tun ranar farko cewa tsofaffin kayansa nasa ne. Ya kuma zo da littafinsa ya rubuta komai, domin a wurin nan rasit sai dai a baki.

Ranar da za mu ɗauke ta, wani yaro ya ɗura girisi har sarƙar ta miƙe kamar tsirkiyar baka, yana ganin gwaninta ya yi. Baba yana zuwa ya daka masa tsawa. Ya kwance bawul ɗin girisin da kansa, a hankali, bai kai zagaye ɗaya ba, kuma ya kawar da fuskarsa gefe, ya ce matsin da ke ciki ya isa ya harbo bawul ɗin ya huda mutum. Ya bar sarƙar ta ɗan yi ciki tsakanin aidila da rolar sama, kamar kaurin yatsu biyu. Sannan ya juya ga direbana.

"Kai kuma, malam direba, ka rage gudu da ribas, shi ya fi cin bushin. Ka daina juyawa ta hannu ɗaya kullum. In kun tashi aiki ka sa shebur ka fitar da lakar nan kafin ta kwana. In kun shiga taɓo ka ƙara sassauta sarƙa, laka tana cika tsakanin haƙora ta ɗame ta."

Direban nawa, wanda ya shekara goma sha biyar a kan kujerar nan kuma ba ya son a koya masa aiki, sai cewa ya yi, "To Baba, an gode."

Duka-duka abin da na kashe, har da man janareta da lobed da sil ɗin da na sake saya, bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabuwar ƙafa ba. Ban ɗauka za ta yi kwanan sabuwa ba, Baba ma bai ce za ta yi ba. Ya gaya mini ƙarara cewa fin da bushin sau ɗaya ake juya su, in wannan gefen ya cinye sai sabuwar sarƙa. Tun daga lokacin dai ba ta sake sauka ba ko sau ɗaya, ta daina karkata hagu in ana tafiya miƙe, kukan ƙarfen da ake jiyowa tun daga nesa ya ragu, kuma direba ya ce tana tura ƙasa ba tare da ƙafa tana zamewa ba. Kusoshin faranti ne kawai muka sake ɗaurewa bayan makon farko, shi ma Baba ya riga ya ce a yi.

Wanda yake da kwangilar gwamnati mai wa'adi, ko yake son takarda da garanti, wannan gareji ba nasa ba ne, ya nufi Mantrac ko wani babban dila ya biya kuɗinsa. Wanda kuwa yake riƙe da tsohuwar D6 ko D7 irin tamu, yana lallaɓa ta tana ciyar da gida, zan ce ya je, amma ya kai ta da damina lokacin da aiki ya yi sauƙi, kuma ranar da za a taɓa rololi ya ɗauki kujera ya zauna a wurin. Abin da ke damuna shi ne idon Baba ya fara rauni, tif ɗin ma sai ya kawo shi daf da hanci yake karantawa, kuma cikin yaransa ban ga wanda yake ɗaukar alli yana rubuta awo ba. Na sayi nawa tif ɗin na ajiye a akwatin sifanu. Ranar Asabar da ta wuce na auna, ta dama 32 da ɗan ɗigo, ta hagu ta ɗara ta kaɗan.