Sabulun ruwa na Dr. Bronner's: inda yake aiki da inda yake gazawa

Wanda ya ƙudura barin kayan wanka da na tsabtace gida da ake gwadawa a kan dabbobi yakan rasa ta inda zai fara, domin kwalaben da ke banɗaki da wurin wanke-wanke suna da yawa. A ganinmu sabulun ruwa na Dr. Bronner's, wanda aka rubuta Pure-Castile a jikinsa, ya cancanci zama kwalbar farko, da sharaɗin a san iyakarsa tun kafin a saya.

Sai a fara da shaidarsa, tunda ita ce dalilin sauyin. Rubuta "cruelty-free", wato ba a cutar da dabba ba, a jikin kwalba ba ya tabbatar da komai. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta faɗa da bakinta cewa doka ba ta fayyace ma'anar wannan furuci ba. Kamfani na iya cewa bai gwada sabulunsa a kan dabba ba, alhali wanda ya sayar masa da sinadaran ya gwada, ko kuma ya biya wani ɗakin gwaji ya yi masa. Dr. Bronner's yana ƙarƙashin shirin Leaping Bunny, mai tambarin zomo yana tsalle, wanda aka kafa a 1996. Wannan shiri yana tilasta wa kamfani ya tsayar da rana guda wadda daga ita ba zai ƙara karɓar sinadarin da aka gwada a kan dabba ba, ya riƙa karɓo takardar shaida daga duk masu kawo masa kaya, ya yarda masu bincike daga waje su duba littattafansa, kuma ya sabunta alƙawarin kowace shekara. Jerin da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ke fitarwa ya fi dogara da sa hannun kamfani kawai, shi ya sa muka fi ba wa na farko nauyi. Kuma a duba sunan kamfanin a shafin shirin a intanet, domin zanen zomo ba wuyar bugawa gare shi ba.

Ba banza aka zaɓi zomo ba. Gwajin Draize, wanda aka ƙirƙiro a 1944, ɗiga sinadari ne a idon zomo ko shafa shi a fatarsa da aka aske, a zuba ido a ga ja, kumburi ko gyambo, wani lokaci har kwana 21. Yau akwai fatar mutum da ake rainawa a ɗakin gwaji, irin su EpiSkin da EpiDerm, kuma an amince da su wajen auna ko abu zai ci fata. Tarayyar Turai ta haramta sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi tun Maris na 2013. Azabar da ake da hanyar kauce mata ba ta da hujja.

Akwai wani abu da ya bambanta wannan kamfani. Iyalan Emanuel Bronner, wanda ya kafa shi a 1948, su ke riƙe da shi har yanzu. Da yawa daga cikin takwarorinsa manyan kamfanoni sun saye su: Colgate-Palmolive ya sayi Tom's of Maine a 2006, Unilever ya sayi Seventh Generation a 2016. Wasu masu saye ba su damu da wannan ba muddin kayan da ke hannunsu na da shaida, wasu kuwa suna son sanin aljihun da kuɗinsu zai ƙare a ciki. Da wannan sabulu tambayar ba ta taso ba.

Abin da ke cikin kwalbar sabulu ne na ainihi: man kwakwa, man zaitun, man ƙwarar manja da ɗan man jojoba da wasu, an dafa su da sinadarin fotasiyam mai ƙarfi har suka koma sabulu. Babu kitsen dabba a ciki. A lura, rashin gwaji a kan dabba daban, rashin sinadarin dabba daban. Kaya na iya samun tambarin zomo kuma ya ƙunshi kakin zuma, ko lanolin da ake samu daga gashin tumaki, ko jan launin karmin da ake yi da ƙwari.

Sabulun na da ƙarfi ƙwarai, kuma mafi yawan masu kuka da shi ba su tsarma shi ba ne. Ga wanka, ɗan ɗigo a kan jiƙaƙƙen soso ya isa jiki duka. Ga wanke-wanke, kashi 1 na sabulu a kashi 10 na ruwa. Ga kwalbar feshi ta goge tebur, murhu da tayil, mililita 60 a lita 1. Ga goge ƙasa, mililita 120 a bokitin lita 12 na ruwan zafi. Ga wankin hannu, kashi 1 a kashi 3, amma a kwalba mai fitar da kumfa. Kada a zuba shi tsagwaronsa a kwalba mai famfo ta yau da kullum: yana daskarewa a bakin famfon ya toshe shi, ranar da aka danna da ƙarfi sai ya yi tsartuwa ta gefe, wani lokaci cikin ido. Ruwa ake fara zubawa sannan sabulu, in ba haka ba kumfa ce za ta cika kwalbar. Kuma a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, wanda zai ƙare cikin 'yan makonni, domin babu maganin hana lalacewa a cikinsa, ƙarfinsa ne ke tsare shi, da an tsarma kuwa ƙarfin ya ragu. Idan ya yi gajimare lokacin sanyi bai lalace ba, a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi zai washe.

A waɗannan ayyuka yana yin abin da ake so. Yana yanke maiƙo, yana ɗaurayewa da wuri, kuma kwalba ɗaya na iya korar sabulun wanka, na hannu, na wanke-wanke da na goge-goge.

Babbar matsalarsa ruwa ne. Idan ruwan gida na da yawan kalsiyam da magnisiyam, irin wanda ke barin farin ɓawo a cikin tukunyar dafa ruwa, sabulun zai haɗu da waɗannan sinadarai ya zama wani farin datti da ba ya narkewa. Shi ake gani ya dusashe kofin gilashi, ya yi zobe a baho, ya sa tawul ya yi tauri. Gwajin mai sauƙi ne: a cika kofin gilashi da ruwan famfo a ɗiga sabulun. In ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, za a sha fama. Ƙara sabulu ba ya magance shi, ƙara dattin yake yi. Maganin shi ne ɗauraya da ruwan khal bayan an gama, misali rabin kofi zuwa kofi ɗaya a ruwan ɗauraya na injin wanki, bayan an yi wankin da mililita 80 zuwa 120 na sabulun.

Amma fa bayan an gama, ba tare ba. Shawarar da ke yawo ta a zuba sabulun da ruwan khal ko ruwan lemon tsami a kwalba ɗaya kuskure ce. Tsamin yana warware sabulun ya mayar da shi mai, sai a ga ya guntse ya yi fari-fari yana yawo a saman ruwa, abin da aka goga da shi kuma ya fi dā maiƙo. Ruwan khal ɗin ma ba ya zuwa kan marmara, yana cin ta. Haɗa ruwan khal da bilic kuwa haɗari ne ga rai, domin iskar kulorin ke tashi.

Wanda ruwansa ya yi irin haka, gara ya bar wa wannan sabulu wanka da wankin hannu, ya nemi Sal Suds na kamfanin ɗaya domin wanki da wanke-wanke. Shi ba sabulu ba ne, dangin omo ne na ruwa, kuma kalsiyam bai dame shi ba. Cokali babba 1 a lita 1 ya isa feshi. Ba a wanka da shi.

Kwalbar ta ce ana iya wanke gashi da sabulun, mu kam ba mu ba da wannan shawara ga kowa ba. Ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsami ko kishiyarsa, na kusa da 9, na fatar kai kuwa na wajen 5. Wannan tazara tana buɗe ɓawon silin gashi, ya yi kaushi ya riƙa sarƙewa, in an yi rini kuma rinin ya zube da wuri. Ɗauraya da cokali 1 ko 2 na ruwan khal a kofin ruwa na rage abin, amma mai busasshen gashi ya fi dacewa ya nemi shamfu na gaske mai tambarin zomo. Haka mai busasshiyar fuska. Batun goge baki da shi kuwa, ɗanɗanon sabulu ne zalla, a nemi man goge baki.

Zaɓin ƙamshi ma na da muhimmanci. Mai na'a-na'a yana sanyaya jiki lokacin zafi, amma yana yi wa wurare masu laushi raɗaɗi. Marar ƙamshi, wanda aka rubuta Baby a jikinsa, shi ya dace da yara da masu saurin ƙaiƙayi, sai dai shi ma yana shiga ido da zafi, a kiyaye. A gidan da ake kiwon kyanwa shi ne kaɗai za mu zaɓa, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa mayukan ƙamshi irin na na'a-na'a da na turare, ga shi kuma tana lasar tafinta bayan ta taka ƙasar da aka goge.

Sabulun yana wanke ƙwayoyin cuta su bi ruwa, amma ba maganin kashe su ba ne. Katakon da aka yanka ɗanyen nama a kai, ko banɗakin da marar lafiya ya shiga, na buƙatar abin da aka yi domin hakan. A nan ne sauyin ya fi wuya, domin a Amurka irin waɗannan kaya suna ƙarƙashin dokar magungunan ƙwari, wadda kan nemi bayanan gwaji. Haka man kare fata daga rana da rinin gashi: ƙasar Sin ta sassauta wa kayan kwalliya na yau da kullum da ake shigo da su sharaɗin gwaji a kan dabbobi daga Mayun 2021, amma ba ta sassauta wa waɗannan ba, don haka sai an bi sunan kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya. Kada a zubar da tsofaffin kayan da ke gida, an riga an biya kuɗinsu kuma zubarwar ba ta ceci dabba ko ɗaya ba. Duk wanda ya kusa ƙarewa, a nemi madadinsa a jerin Leaping Bunny kafin kwalbar ta kai gindi.