Lambar 2442: tana tare tallar waya, amma ba duka ba

A Katsina ba takardun talla ne ke taruwa a zaure ba, akwatin saƙon waya ne ke cika. Ka ji ƙarar saƙo, ka zaro waya da sauri kana zaton alat ne, sai ka tarar da tallar waƙar kira ko ta cacar ƙwallo. Don maganin wannan ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da lambar 2442 a shekarar 2016. Tana aiki a layin MTN da Airtel da Glo da sauransu, kuma kyauta ce.

Yin sa ba wuya. Ka rubuta STOP ka tura zuwa 2442, an rufe maka talla gaba ɗaya. STATUS zai nuna maka matsayin layinka, ALLOW kuma ya sake buɗewa. Wanda ke son wani ɓangare kawai sai ya tura HELP, a jero masa rukunoni: 1 na banki da inshora, 3 na ilimi, 4 na lafiya, 9 na addini. Lambar da ka tura ita ce za a bar maka, ba ita za a toshe ba. Nan mutane da yawa ke yin kuskure. Mai layi biyu kuma ya tura daga kowane layi daban, domin tsarin layi yake bi, ba waya ba.

Ga talla mai zuwa ta hanyar kamfanonin layi, lallai yana aiki, za ka ga sauƙi sosai.

Matsalar tana wajen rufewar gaba ɗaya. Makarantun boko da Islamiyyu da ƙungiyoyi kan sayi saƙo a dunƙule su tura wa ɗaruruwan mutane, kuma idan ta hanyar da ake tura talla suka bi, saƙon ba zai iso ga wanda ya tura STOP ba. Sai sanarwar taron iyayen yara ko gayyatar ɗaurin aure ta maƙale a hanya, mai gayyata yana can yana cewa an raina shi. Alat ɗin banki yawanci ta wata hanya yake bi, shi yana shigowa. Magidanci mai yara a makaranta gara ya zaɓi rukuni.

Sannan 2442 ba ta soke rajistar waƙar kira da makamantanta da aka riga aka yi maka. Idan katinka na zarewa kullum naira ashirin, hamsin, ba ka san dalili ba, danna *305# ka duba abin da ke kan layin ka soke shi. Ba ruwanta kuma da WhatsApp, balle ɗan damfara mai turo saƙo daga lamba irin ta kowa cewa an rufe maka BVN. Wannan sai ka toshe lambar da hannunka, kada ka kira.

In tallar ta ci gaba bayan saƙon tabbatarwa ya iso, kira 300 ka kai ƙara wa kamfanin layinka, ka karɓi lambar ƙorafi ka ajiye. In ba su gyara ba sai ka kira NCC a 622, za su nemi wannan lambar.