Motar haya daga Udaipur zuwa Ranakpur: abin da na gani

Tun da na zo Indiya karatun zanen gine-gine malamanmu ke yawan ambaton Ranakpur. Da aka ba mu hutu sai na biya wani kamfanin yawon buɗe ido a Udaipur kuɗin mota ta yini guda, da direba da ɗan jagora. Tsarinsu shi ne a fara da ganuwar Kumbhalgarh da safe, sannan a gangara haikalin mabiya addinin Jain da ke Ranakpur, wajen kilomita 90 daga Udaipur, a cikin tsaunukan Aravalli.

Motar ba laifi, direban kuma dattijo ne mai natsuwa a kan waɗancan kwane-kwanen dutse. Ɗan jagoran ya kyauta da ya gaya mini tun da sassafe in bar bel da walat a mota, don ba a shiga da kayan fata. Mutanen Jain ba su yarda da kashe ko da ƙwaro ba.

Ni Musulmi ne, aikin hannu na je kallo, kuma wallahi na ga aiki. An fara ginin a ƙarni na 15, zamanin Rana Kumbha sarkin Mewar, wani attajiri mai suna Dharna Shah ne ya ɗauki nauyinsa. An yi shi ne domin Adinatha, na farko cikin manyan malamai 24 da suke kira tirthankara. Gunkinsa yana tsakiya da fuska huɗu, kowace tana duban ɓangare guda, ginin ma ƙofa huɗu gare shi. Daga wannan tsakiyar komai ya bazu: zaure bayan zaure, ƙubba bayan ƙubba, duk da dutsen marmara.

Ginshiƙan su ne suka tsayar da ni. Guda 1,444 ake lissafawa, ana kuma cewa babu biyu masu sassaƙa iri ɗaya. Na gwada 'yan kaɗan da ke kusa da juna, ban kama maimaici ba. Abin da hoto bai taɓa nuna mini ba shi ne haske. Maginan sun bar filaye a buɗe tsakanin zaurukan, rana tana faɗowa ta nan ta bi ta cikin ginshiƙai, sai ka ga dutsen da ka bari fari ya koma ruwan zuma kafin ka zagayo. Iska ma haka take ratsawa, ciki da sanyi alhali waje ana zafi.

A nan kamfanin ya ɓata mini rai. Baƙi waɗanda ba mabiya addinin ba sai daga tsakar rana zuwa ƙarfe 5 ake barinsu su shiga, mu kuwa sai wajen ƙarfe 3 muka iso, saboda an tsayar da mu shagon darduma da ban nema ba. Ina tsaye gaban sassaƙar Parshvanatha, ɗaya daga cikin manyan malaman nan 24, wanda kawunan macizai suka yi wa laima, ɗan jagoran yana ta duba agogo yana cewa hanya da nisa. Ƙubba ɗaya kacal na samu na zana a littafina.

Idan zan koma, direba kaɗai zan ɗauka, in bar Kumbhalgarh sai wata rana, in kasance a bakin ƙofa kafin 12. Na'urar bayani ta kunne da ake bayarwa a can ta fi ɗan jagoran namu sanin tarihin wurin.