Kafin ka sayi cif ɗin ƙirƙirarriyar basira: kada lambar TOPS ta ruɗe ka

Duk mai son ɗora ƙirƙirarriyar basira a kan ƙaramar na'ura, kyamarar tsaro ce ko jirgi mara matuƙi, abin da masu talla ke fara nuna masa shi ne TOPS, wato tiriliyan nawa na lissafi cif ɗin (ɗan guntun lantarkin da ke yi wa na'urar lissafi) ke yi a daƙiƙa guda. Lambar na da daɗin ji, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ba lissafin ne ya fi shan wuta ba, jigilar bayanai ce. A 2014 Mark Horowitz na Jami'ar Stanford ya nuna cewa ɗauko lamba ɗaya daga ma'ajiyar da ke wajen cif ya fi yin lissafi da ita cin wuta sama da sau ɗari. Shi ya sa masu ƙira ke matso da ma'ajiya kusa da inda ake lissafin, suna kuma rage tsawon lambobi daga bit 32 zuwa bit 8 (bit shi ne ma'aunin bayanai mafi ƙanƙanta a kwamfuta).

Cif ɗin Hailo-8 na kamfanin Hailo ya bi wannan dabara har ƙarshe. Ma'ajiyarsa na cikinsa, yana ba da TOPS 26 da wutar da ba ta wuce wat 2.5 da yawa ba. Ƙanensa Hailo-8L mai TOPS 13 kuwa, an haɗa shi da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 5 a 2024. In aikinka na gani ne, gane fuska ko ƙidayar motoci, kuma da batir za ka yi, a ganina nan ya kamata ka fara dubawa. Sai dai dole samfurinka, wato basirar da aka horar don yin aikin, ya bi ta manhajar kamfanin a sarrafa shi tukuna, kuma ba don manyan samfuran harshe, masu rubutu da hira da mutane, aka ƙera shi ba.

Coral na Google ya fito tun 2019: TOPS 4, wat 2. Ya kwana biyu, kuma samfuri mai bit 8 da aka tsara da manhajar Google mai suna TensorFlow Lite kaɗai yake karɓa. Abin da bai gane ba sai ya tura wa babbar ƙwaƙwalwar na'urar, gudu ya faɗi, batir ya ji a jikinsa.

Jetson Orin Nano Super na NVIDIA, na Disambar 2024, kusan cikakkiyar kwamfuta ce: ma'ajiya gigabait 8, wuta daga wat 7 zuwa 25, har da fanka. An rubuta masa TOPS 67, amma wannan lissafin samfurin da aka yi wa aski ne, rabin lambobinsa sun koma sifili. A samfuri na yau da kullum rabin haka za ka samu. Duk da haka, in gwaje-gwaje kake yi, yau wannan samfuri gobe wancan, shi ne ba zai ɗaure maka hannu ba.

Na'urar da aikinta sauraron kalma ɗaya ce kawai kuwa, Ethos-U55 na kamfanin Arm da ake sakawa cikin ƙananan cif ya ishe ta.

Ko wanne ka zaɓa, ɗora masa naka samfurin, ka rufe shi cikin akwatin da zai zauna, ka bar shi ya yi awa guda yana aiki, sannan ka auna hotuna nawa yake karantawa a daƙiƙa da wutar da yake ja. Cif in ya yi zafi da kansa yake rage gudu.