Kwano ko intanet: wanne ya fi dacewa da gidan kallon ƙwallo?

SuperSport ke da haƙƙin nuna gasar Firimiya ta Ingila a Najeriya, kuma cikin hanyoyin samun wasan akwai kwanon DStv da dikoda, da kuma manhajar DStv Stream ta intanet.

Kwano aikin rana ɗaya ne. A kafa mai faɗin santimita 90, a saita shi ya fuskanci tauraron ɗan'adam na Eutelsat da ke digiri 36 gabas, a ɗaure kusoshi tamau, shi ke nan. Damina ce maƙiyiyarsa. Ruwa mai ƙarfi na raunana sigina, hoto ya farfashe ya tsaya cik. In kuma sama ta washe hoton bai dawo ba, a duba bakin waya wajen LNB, wato na'urar da ke gaban kwano mai karɓar sigina, yawanci ruwa ne ya shiga ya ci shi da tsatsa.

Intanet kuwa ba ruwanta da hadari sosai, amma cin data gare ta. Hoto mai kyau na buƙatar kamar megabit 5 a daƙiƙa, wato wasa ɗaya da hutun rabin lokaci zai lashe kusan gigabait 4. Babbar matsalar ita ce jinkiri: takan makara da daƙiƙa 30 ko fiye. Sai ka ji gidan kallon maƙwabta ya kaure da ihun an ci, naka 'yan kallo suna jiran a buga kwana. Daga ranar ba ɗan kallon da zai dawo.

Don haka gidan kallo kwano ya fi masa, intanet ta zama ta ko-ta-kwana. A lura, rajistar DStv ta kallon iyali a gida ba ta halatta tara jama'a da karɓar kuɗi ba. Wannan sai da rajistar DStv Business.