Wane faifan Syd Barrett ya kamata ka fara saya?

Wanda ya san Pink Floyd, ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila, ta manyan faya-fayensu na shekarun 1970 yakan yi mamaki idan ya ji cewa mutumin da ya raɗa wa ƙungiyar suna, ya rubuta kusan duk waƙoƙinta na farko, bai wuce shekara uku a cikinta ba. Shi ne Syd Barrett, haifaffen Cambridge a Ingila a 1946. Ya bar ƙungiyar a 1968 bayan lalurar ƙwaƙwalwa ta ci ƙarfinsa, ya fitar da faifai biyu nasa na kansa a 1970, daga nan ya koma garinsu ya rungumi zane har rasuwarsa a 2006. Abin da ya bari ba shi da yawa, amma an sha tattara shi a kundi daban-daban, har mai saye ya rasa ta inda zai fara.

Ni dai in aka tambaye ni, An Introduction to Syd Barrett na 2010 nake nunawa. Waƙa 18 ne a faifai ɗaya, kuma shi ne kundi na farko da ya haɗa zamaninsa na Pink Floyd da aikinsa shi kaɗai. Shida na farko na ƙungiya ne, ciki har da Arnold Layne da See Emily Play na 1967, lokacin da irin wannan kiɗan rok mai kama da mafarki yake tashe a Landan. Sauran sha biyun nasa ne. Amfanin wannan jeri shi ne kunnenka zai bi mutumin daki-daki: ka ji shi da ƙuruciya da zalaƙa, kayan kiɗa na ta walƙiya a bayansa, can sai ka tsinci kanka a Dark Globe, daga shi sai jita, murya tana rawa kamar mai kiran wanda ya riga ya yi nisa. Wannan wurin yana taɓa ni duk lokacin da na kunna.

David Gilmour, abokinsa tun suna samari kuma wanda ya maye gurbinsa a ƙungiyar, shi ya jagoranci aikin. An sake daidaita sautin wasu waƙoƙin, irin su Octopus da Dominoes, har Gilmour ya ƙara jitar bas a Here I Go. Wasu masoyan ba su ji daɗin wannan taɓawar ba, kuma na fahimce su, amma ga sabon shiga sautin ya fi fita tas. Inda kundin ya gaza shi ne abin da aka bari a waje: babu Astronomy Domine, babu Jugband Blues, babu Golden Hair. Akwai kuma wani dogon kiɗa na kusan minti 20 mai suna Rhamadan (kiɗa ne zalla, kada sunan ya sa ka zaci waƙar azumi ce) da aka bai wa masu saye ta intanet. Ba ya kan faifan, don haka mai sayen na hannu kada ya sa rai.

Na biyu shi ne Wouldn't You Miss Me? na 2001. Waƙa 22, duk daga aikinsa shi kaɗai, kuma a nan aka fara fitar da Bob Dylan Blues. Kundi ne mai kyau, sai dai rabin labari ne, kuma waƙar da ta sa ake nemansa tana cikin na 2010 ma.

Idan kuma ka riga ka kamu, ka nemi akwatin Crazy Diamond na 1993. Faifai uku ne: The Madcap Laughs da Barrett, wato faifansa biyu na 1970, da Opel wanda aka haɗa a 1988 daga abubuwan da ba a fitar ba, kowanne da ƙarin ɗauka na gwaji. A nan za ka ji shi yadda yake a ɗakin ɗaukar waƙa, ya fara ya tsaya, ya sake farawa, muryar ta karye a tsakiyar baiti. Ba kowa ne zai iya zama ya saurari wannan ba, kuma ban ba da shawarar a fara da shi ba. Akwatin ya daɗe da fita, sau da yawa na hannu ake samu, saboda haka ka sa mai sayarwa ya nuna maka hoton faifan uku da ɗan littafin da ke ciki kafin ka tura kuɗi. In ya yi tsada, ana samun faya-fayen uku ɗai-ɗai.

Mai neman Vegetable Man da Scream Thy Last Scream kuwa, waƙoƙi biyu da ya yi da Pink Floyd, ba zai same su a ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai a 2016 aka fitar da su a hukumance cikin babban akwatin The Early Years na Pink Floyd, wanda kuɗinsa ba na wasa ba ne. Abin sauƙin shi ne an raba shi kashi-kashi a 2017, kuma kashin da ya ƙunshi 1965 zuwa 1967 shi ne na zamanin Barrett.

Da kuɗin faifai biyu kacal, zan ɗauki na 2010, in haɗa da The Piper at the Gates of Dawn na 1967, faifan Pink Floyd na farko, domin a can Astronomy Domine da Lucifer Sam suke.